Daminar Bayan Fara

Bana ma ruwa ya yi jinkiri. Shamuwa ta iso tun tuni, ta gyara sheƙarta a kan kukar bayan gida, amma sama shiru. Idan rana ta take nakan shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya in zauna ina kallon gonaki, yashi fari fat har iyakar gani, zafi yana rawa a kansa kamar ruwa. A irin wannan zama ne idona kan lumshe, in tsinci kaina a wata bazara da ta wuce shekara ashirin da wani abu, bazarar da aka mayar da ni gidanmu.

Sunana Rahila. Ƙauyenmu ɗan ƙarami ne ta wajen Baure, gidajen Kirista kaɗan a tsakiyar maƙwabta Musulmi, rijiya ɗaya muke sha, kasuwa ɗaya muke ci. Aure ne ya kai ni cikin garin Daura, gidan wani tela mai bi kamar mu. Baban Salama nake ce masa, don Salama ce 'yar da muka samu. Bayan na yaye ta sai wani ɗan farin tabo ya fito mini a bayan hannu, bai fi ƙwayar wake ba. Ba ya ciwo, ba ya ƙaiƙayi. Kafin shekara ta zagayo ya haye yatsuna, ya fito a wuya, ya kewaye mini baki. Na je asibiti, ma'aikacin ya duba, ya tsira mini allura a wurin ya tambaye ni ko na ji, na ce na ji. Ya ce ba kuturta ba ce, launin fata ne kawai yake gushewa, ba a ɗauka, amma kuma ba shi da maganin da zai ba ni.

Na dawo gida da murna na faɗa wa surukata. Ta saurare ni har na gama, tana tsince shinkafa a faifai.

"Rahila, ki je gida ki sha iska kwana biyu, har Ubangiji ya kawo sauƙi."

"Inna, ai sun ce ba a ɗauka."

"Na ji abin da suka ce. Yarinyar dai ki bar ta nan."

Baban Salama yana zaure a kan keken ɗinkinsa. Na san yana jin mu, don keken ya tsaya. Na jira ya yi magana. Can sai na ji keken ya ci gaba.

Na iske ƙauyenmu ba yadda na bar shi ba. Kakar da ta gabata fara ta sauka a kan gero yana cikin zuba ido, ta bar kara tsirara. Rumbuna a buɗe suke, kaji na shiga suna fita. Samari duk sun tafi cin rani kudu. Iyayena sun riga sun rasu, yayana Dauda ne maigida, shi da matarsa Asabe da yaransu. Yaya Dauda ya karɓe ni, ban ce bai karɓe ni ba. Ya share mini tsohon ɗakin Baba da ke can ƙarshen gida kusa da turken awaki. Da yamma Asabe ta kawo mini tuwo a wani sabon kwano, da moɗa sabuwa, ta ajiye a bakin ƙofa. Washegari na ga an ɗaura wa moɗar jan zare a hannu, don kada yara su yi kuskure.

Na daina fita. In dole ta sa zan je bayan gida, sai in ja gyale in rufe har hanci. Ranar Lahadi ina jin ana buga ƙarfen majami'a, wani tsohon bakin garma ne da aka rataye a reshen aduwa, ina jin tulun da matan zumuntar majami'a ke kaɗawa yana amsawa, amma ba na motsi. Ina kwance ina kallon jinka, ina bin hasken da ke shigowa ta hudojinta yana tafiya a hankali a kan daɓe. Addu'ata ɗaya ce safe da yamma: Ubangiji ka mayar mini da fatata in koma wurin 'yata. Na shafa toka da man shanu, na sha jiƙon sassaƙe iri-iri. Kowace safiya in duba hannu, in ga farin ya ƙara ci gaba kamar yadda ruwa ke bin zane.

Wadda ta fito da ni ita ce Gwaggo Kande, ƙanwar mahaifina. Tsohuwa ce doguwa, ta rasa miji, ba ta taɓa haihuwa ba, tana zaune ita kaɗai a gidan da ke jingine da namu. Da tsufanta ta bar al'adar kakanni ta karɓi bangaskiya, amma ta daɗe ba ta bar dafa burkutu ba. Sai da shari'a ta zo jiharmu 'yan shekaru kafin wannan bazara ta kife tukwanenta. Takan yi dariya ta ce mai bishara ya shekara goma yana lallashinta, alƙali ya gama aikin a yini ɗaya. Manyan tukwanen nan suna jere a tsakar gidanta, ta mayar da su randunan ruwa.

Wata safiya ta ɗaga asabarin ɗakina ba sallama.

"Ke 'yar nan, mutuwa kika yi ba a gaya mini ba?"

"Gwaggo, ina kwana."

"Lafiya lau. Ɗauko ƙwarya. Ƙafata ba ta kai ni fadama ni kaɗai."

"Gwaggo, mutane za su gan ni."

"Mutanen da yunwa ta rufe wa ido? Tashi."

Haka muka fara fita neman ganye. Mukan bar gida tun rana ba ta yi zafi ba, mu bi ta gonakin da babu komai sai kututturen kara, mu gangara inda ƙasa ke da ɗan sauran danshi. Yaɗiya muke tsinka inda ta naɗe jikin ƙaya, mu tsinci aduwa da ta zubo, wani lokaci mu yi sa'ar goruba. Gwaggo ba ta cika magana a hanya ba, sai dai ta riƙa gunguni da wata waƙar sujada da ba ta san ƙarshenta ba, in ta kai inda ta manta sai ta sake daga farko.

Wanda bai yi yunwar bazara ba bai san yadda take sa jiki ya yi sakayau ba. Ba ciwo ba ne kullum. Wani lokaci ji nake kamar ƙafafuna ba sa taɓa yashi, kamar iska ce ke tura ni. Kukan kurciya ya riƙa zuwa daga nesa ƙwarai, ko da tana bisa kaina. A hanyar dawowa, idan kawalwalniya ta kwanta a kan gonaki, nakan ga wata 'yar yarinya cikin rigar atamfa ruwan ɗorawa tana tahowa, tana ɗaga ƙafa kamar mai tsallake ruwa. In tsaya cak. Gwaggo ta dafa ni ta ce, "Kututture ne, mu je." Ba ta taɓa tambayata wa na gani ba.

Yanzu in abinci ya yanke, yaro ya hau babur ya je kasuwa ya dawo kafin ruwa ya tafasa, ko 'ya'yan da ke birni su yi waya su ji halin da ake ciki. A lokacin labari ma da ƙafa yake zuwa. Garin rogo ake kawowa daga kudu, a jiƙa shi ya kumbura, a barbaɗa ƙuli-ƙuli kaɗan a raba wa yara. Manya mu dafa dusa da ganye. Mutanen da suka tsallako daga Nijar sukan bi ta ƙauyen da jakunansu da 'yan awakin da suka rage, su sha ruwa a rijiya su wuce, ba mai tambayar wani inda za shi.

Da jinkirin ya yi yawa, maƙwabtanmu suka fita roƙon ruwa. Daga bakin danga na hango su sun nufi filin idi, manya da yara, rigunansu a juye. Malam Ayuba, mai bisharar da ke kula da majami'armu, shi ma ya ce a yi azumi da addu'a. Gwaggo ta ce, "Azumi kuma? Ai tun watan jiya muke cikinsa, suna ne kawai ba a sa masa ba." Amma ta yi, ni ma na yi a ɗakina.

Ruwan ya zo wata la'asar. Gabas ta fara yin ja, sannan ta yi baƙi, iska ta taso ta kwashe wankin da ke kan danga. Awaki suka shiga kuka. Sai ɗigo na farko ya faɗi a kan yashi da ƙara, kamar an jefa tsakuwa, ƙamshin ƙasa ya tashi ya cika ɗaki. Har yau ban san abin da ya kai wannan ƙamshi daɗi ba. Kowa ya fito da abin tara ruwa, tukunya, kwano, har murfin langa. Ni da Gwaggo muka jawo manyan tukwanenta ƙarƙashin indararo. Sai da muka gama na lura gyalena yana can cikin taɓo, kuma yaran Yaya sun wuce ta gabana a guje suna ihu, ba wanda ya dube ni.

Washegari shuka. Iri ya yi wuya a shekarar, wasu sun cinye nasu. Malam Sale, maƙwabcinmu Musulmi da gonarsa ke iyaka da ta Yaya, ya ɓoye nasa a cikin gora ya rataye a jinka, ya ɗebo ya ba gidanmu, ya ba Gwaggo. Yaya Dauda ya shiga gaba da sungumi yana sara, Asabe da yara suna bin sa suna jefa iri suna rufewa da diddige. Na ɗauki ƙoƙo na miƙa hannu cikin ƙwaryar iri. Asabe ta riga ni ta janye ta kaɗan.

"Rahila, ki huta. Mun isa."

A hankali ta faɗa, ba da faɗa ba. Na gane. Tsoro take kada hannuna ya ɓata irin, kuma a irin wannan shekara ba wanda zai yi wasa da iri. Na juya zan koma gida sai na ji muryar Gwaggo daga gayaunarta, 'yar gonar da ke bayan gawo.

"Zo nan. Bayana ba ya sunkuyawa."

Ita ta yi saran da 'yar fartanyarta, ni na jefa. Ƙasa tana da sanyi a tafin ƙafa, shinge, garar nan mai fiffike, yana tashi daga suri, yara suna bin sa da ƙwarya. Gero ya tsiro a gayaunar Gwaggo rana ɗaya da na kowa.

Amma yunwar gaske sai da damina ta zauna ta zo. Ko'ina kore shar, gero ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, idonka yana ƙoshi cikinka yana kuka. Muka yi noman fari da tafasa a ciki. Safe tafasa, yamma rama, in an samu ɗan gari a yayyafa. Da marka ta kama, sama ta rufe kwana da kwanaki, ruwa siriri yana zuba ba tsayawa, katanga tana jiƙa tana zubewa, itace ya ƙi kamawa, hayaƙi ya kwanta a tsakar gida. A cikin wannan marka zazzaɓi ya kayar da Gwaggo.

Na kwashe tabarmata na koma ɗakinta. Jikinta kamar garwashi, haƙoranta suna kaɗawa. Malam Ayuba ya kawo ƙwayoyin zazzaɓi, Yaya ya kawo ɗan gero da ya samo ban san daga ina ba, na dama mata kunu. Hannunta ba ya iya riƙe ludayi. Na tsaya da ludayin a hannu ina duban yatsuna, don rabon da wani ya ci daga hannuna tun ina Daura. Ta buɗe ido ta dube ni, ta buɗe baki kamar ɗan tsuntsu. Na ba ta. Da dambun rama ya samu, da yatsuna na riƙa sa mata a baki.

Lahadin da ta fara iya zama, ta ce in kai ta majami'a.

"Gwaggo, ki bari ki ƙara ƙarfi. Ga yayyafi."

"In na mutu gobe, ke za ki je ki ba da uzurina? Kama ni."

Na yi niyyar in kai ta bakin ƙofa in miƙa ta ga matan zumunta in juyo. Muka tafi a hankali, ta rataya a kafaɗata, nauyinta bai fi na damin kara ba. Da muka isa ƙofa na sassauta, ita kuwa ta damƙe wuyan hannuna. Ban san inda mai zazzaɓi ta samo wannan ƙarfi ba. Ba yadda zan ƙwace ba tare da na kayar da ita ba, sai na bi ta ciki. Majami'ar ɗaki ne na laka, kujerunta ma na laka, jinka tana yoyo an tara kwanoni. Matan da ke layinmu suka matsa, suka ba mu wuri fiye da wanda muke buƙata.

Na sunkuyar da kai. Ruwa yana ɗiga cikin kwano, ɗis, ɗis, muryar Malam Ayuba tana zuwa tana komawa kamar daga ƙasan rijiya. Labarin wani mai ciwon fata yake karantawa, mutumin da aka fitar bayan gari, ya zo ya durƙusa gaban Yesu. Na san labarin tun ina yarinya. Amma a ranar, ko yunwa ce ko rashin barci, sai na ga wurin a gabana. Na ga yashi irin namu, na ga jama'a sun ja da baya sun bar fili, na ga mutumin ya rufe bakinsa da gefen mayafi yadda nake yi. Na ga hannu ya miƙo ya sauka a kafaɗarsa.

Gwaggo ta matso da bakinta kunnena, numfashinta da zafi.

"Kin ji? Wanne ya riga, taɓawa ko warkewa?"

Na ce, "Taɓawa."

"To."

Har yau ban sani ba ko ita ce ta aika wa Malam Ayuba ya karanta wurin, na tambaye ta daga baya ta ce ita ina ta san karatu. Ni dai na zauna hannuna cikin nata, hawaye suna bin farin da ke gefen bakina. Watanni ina roƙon a gyara ni tukuna don in isa a karɓe ni. Ban taɓa kawowa a raina cewa Ubangiji bai jira fatata ba, cewa duk kwanakin da na yi ina kallon jinka a ɗakin Baba, bai tsaya a bakin ƙofa ba, yana ciki tare da ni.

Fatata ba ta dawo ba. Ga ta nan har yau, farin ya ma fi baƙin yawa. Abin da ya sauya shi ne addu'ata. Na fara roƙon ƙarfin yini, da lafiyar Gwaggo, da a tsare mini Salama inda take. Wata rana na ji bakina yana sa Inna surukata a ciki, na yi mamakin kaina.

Da lokacin maimai, wato noma na biyu, ya yi, matan zumunta suka yi wa Gwaggo gayya. Muka jeru da fartanyu cikin geron da ya fi mu tsawo, ganye yana yankar hannu, raɓa tana jiƙa zane, ɗaya ta ba da waƙa saura su amsa. Da rana ta yi tsaka aka sauke babban akushi na kwaɗon rama a gindin gawo. Na ɗebi ruwa na wanke hannu na koma gefe, ina jiran a zuba mini nawa daban. Asabe ce ta gyara zama, ba ta dube ni ba, ta ce, "Matso mana, zai ƙare." Na matsa na sa hannu. Wata mata ta tashi ta ce ita ta ƙoshi, ta koma bakin gona. Saura suka ci gaba da ci, ana hirar wanda geronsa ya fara fid da kai.

Marka ta ɗaga, rana ta fito, gero ya zuba ido. Ranar da muka karya zangarniyar fari a gayaunar Gwaggo muka gasa tumu, ƙamshinsa ya sa yaran maƙwabta suka cika gidan. Na murje wani a tafin hannu, na hure, na ƙulle a gefen zane. Na ce wa Gwaggo gobe za ni Daura.

"Su suka aiko?"

"A'a. 'Yata zan gani."

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ki sa zanen nan mai shuɗi, ya fi karɓar ki."

A bayan a-kori-kura na tafi, gyalena a kafaɗa, fuskata a buɗe. Mutane sun kalla. Wata dattijuwa da ke kusa da ni ta ce, "'Yata, wuta ce?" Na ce a'a, haka Allah ya ga dama. Ta ce Allah ya sa kaffara ce, ta ɓallo goro ta ba ni. Hanya duk gero ne hagu da dama, kawunansa suna kaɗawa, har muka hango gari.

Baban Salama yana zaure a kan kekensa. Da ya gan ni ya miƙe, ya rasa inda zai sa idonsa. Muka gaisa kamar baƙi. Ya ce ya so ya zo, aiki ne ya yi yawa. Ya ce Inna har yanzu ba ta sauko ba, in ƙara haƙuri. Na ce ban zo don wannan ba. Auren dai bai sake ɗinkuwa ba, kuma sai da dattawan ikilisiya suka yi ta kai da komo kafin a bar Salama ta dawo hannuna, lokacin ta isa shiga makaranta. Amma a ranar ban san ko ɗaya daga cikin wannan ba.

Na yi sallama na shiga tsakar gida. Inna tana bakin murhu. Ta amsa, ta dube ni, ba ta ce in zauna ba, ba ta kuma ce in fita ba. Na durƙusa na gaishe ta, na samu gefen turmi na zauna. Salama tana bayanta, ta riƙe mata zane, ta yi tsawo, an yi mata kitso da ba irin nawa ba. Ta leƙo tana kallona da ido ɗaya.

Ban kira ta ba. Na kwance gefen zanena, na zuba tumun a tafin hannu, na miƙa. Ta dubi Inna. Inna ta juya ta ci gaba da gyara wuta. Yarinyar ta tako a hankali, ta tsaya, ta ƙara takowa. Ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta sa a baki. Sannan ta kama yatsuna ta juya hannun, ta daɗe tana duban bayansa.

"Mama, gari ne?"

"Ba gari ba ne."

Ta lashi ɗan yatsanta ta goga. Ta duba, ta sake gogawa da ƙarfi, har da gefen rigarta.

"Ba ya fita," in ji ta.

"Ba ya fita."

Ta ɗan yi tunani, ta ce, "To, a bar shi." Ta juya ta hau cinyata, ta jingina bayanta da ƙirjina, ta jawo hannun gabanta ta ci gaba da cin tumunta.